IN KIƊA YA SAUYA: LABARIN MAKAƊAN BIYANA UKU DA IYAYEN GIDANSU

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Turai, mu koma baya shekara ɗari biyu da ɗoriya, domin mu duba rayuwar wasu mashahuran makaɗa uku, wato Haidin da Mozat da Betoben. Da yawanmu mun sha jin kiɗansu ba tare da mun san mai shi ba. Wanda ya saba murɗa akwatin rediyo yana neman Muryar Jamus a gajeren zango a shekarun baya, zai tuna ɗan amon nan da akan yi ta maimaitawa kafin a buɗe tasha. Daga wani aikin Betoben mai suna Fideliyo aka ciro shi. Mai kallon ƙwallo da ya ga ƴan wasan Jamus sun jeru ana buga taken ƙasarsu, karin Haidin yake saurare. Wayoyin hannu na farko-farko kuwa, wasunsu da kiɗan Mozat suke ƙara.

Mutanen nan uku sun zauna a birni ɗaya, wato Biyana, babban birnin Ostiriya. Haidin abokin Mozat ne, kuma malamin Betoben. Abin da ya sa muka haɗa su shi ne, a tsawon rayuwarsu ne matsayin makaɗi ya sauya a ƙasarsu. Na farkon ya yi shekara kusan talatin yana bara a gidan sarauta. Na biyun ya tsinke igiya ya shiga kasuwa. Na ukun kuwa, ƴaƴan sarakuna ne suka haɗa kuɗi suna roƙonsa kada ya bar garin. Kowannensu akwai abin da ya samu, akwai kuma abin da ya biya.

Yadda sana'ar take

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu fahimci irin aikin. A wajenmu, makaɗi shi ke ƙirƙiro waƙa, shi ke rera ta, yaransa na amshi, kuma a ka ake riƙe ta. Su waɗannan da muke magana a kansu, a takarda suke rubuta kiɗa, bisa layuka biyar-biyar, da alamomi masu nuna tashin murya da saukarta da tsawon kowane amo. Mutum ɗaya zai zauna ya tsara abin da kowane mai goge da mai sarewa da mai kakaki da mai ganga zai yi, a raba takardu, kowa ya karanta nasa, a tashi tare. Dogon kiɗan da ake tsara wa irin wannan babbar ƙungiya shi ake kira simfoni. Yawanci kashi huɗu ne, babu muryar mawaƙi a ciki. Wasan kwaikwayon da ake rera zantukansa da waƙa kuwa, shi ne opera.

Tara makaɗa da ciyar da su da sayen kayan kiɗa abu ne mai tsada. Saboda haka a ƙarni na 18 wurare biyu ne manyan masu riƙe makaɗi: majami'a da fada. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san makaɗan fada a ƙasar Hausa. Ubangida ya ba ka muhalli da sutura da abinci, kai kuma basirarka tasa ce.

Haidin: mai haƙuri

An haifi Jozef Haidin a 1732 a wani ƙauye mai suna Rorau. Mahaifinsa mai gyaran ƙafafun keken doki ne, mahaifiyarsa kuma ta yi aikin dafa abinci a gidan mai garin. Zaƙin muryarsa ya kai shi ƙungiyar yara mawaƙa ta babbar majami'ar Biyana, amma da ya balaga murya ta fashe, sai aka sallame shi. Ya yi shekaru yana ɗan koyarwa, yana kiɗa a titi, yana koya wa kansa ƙa'idojin tsara kiɗa daga littattafai.

A 1761 ya samu shiga gidan Estahazi, ɗaya daga cikin gidajen sarauta mafiya arziki a Hangare. Takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu tana nan har yau, kuma ta ishe mu bayani. Albashinsa fulorin 400 ne a shekara, fulorin kuwa shi ne kuɗin ƙasar a lokacin. Dole ya sa tufafin ma'aikatan gida da farar safa. Dole ya bayyana a zauren Yarima kullum, kafin tsakar rana da bayanta, ya ji ko ana bukatar kiɗa. Shi zai kula da kayan kiɗa, shi zai raba gardama tsakanin makaɗa. Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne, duk abin da ya rubuta mallakar Yarima ne, ba shi da izinin ba wani ko kwafe wa wani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yarima Nikolaus, wanda ya hau a 1762, mutum ne mai tsananin son kiɗa. Yana kaɗa wani irin babban goge mai tsirkiya da yawa da ake kira bariton, don haka Haidin ya tsara masa kiɗan mutum uku-uku sama da 120 domin wannan goge kaɗai. A 1766 Haidin ya zama shugaban makaɗan gidan, abin da za mu iya kira Sarkin Kiɗa.

Yarima ya gina ƙasaitacciyar fada a wani wuri mai fadama, nesa da gari, inda yakan shafe watanni. Makaɗa sukan bar iyalansu su bi shi. A 1772 zama ya yi tsawo, kowa ya ƙosa, amma wa zai tunkari Yarima? Sai Haidin ya yi dabara. Ya tsara simfoni wadda a kashinta na ƙarshe kowane makaɗi, in ya gama nasa, sai ya hure kyandir ɗinsa, ya ɗauki kayansa ya fita. Haka suka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masu goge biyu kacal. Yarima ya gane karatun, aka ba da umarnin komawa gida. Ita ce simfoni ta 45, wadda ake kira ta Bankwana.

Zaman barantakar nan bai tafi a banza ba. Haidin yana da ƙungiya a hannunsa kullum. In ya rubuta abu yau, gobe zai ji shi da kunnensa, ya gyara, ya ƙara, ya rage. Shi da kansa ya gaya wa marubucin tarihinsa cewa kaɗaicin wurin ne ya tilasta masa fito da salon kansa, tun da babu wanda zai kwaikwaya. A nan ya daidaita ginin simfoni da na kiɗan goge na mutum huɗu, waɗanda na bayansa suka ɗora a kai. A 1779 aka sabunta yarjejeniya, aka cire sharaɗin mallaka, ya fara sayar wa masu ɗab'i, sunansa ya bazu.

Da Nikolaus ya rasu a 1790, magajinsa ya sallami yawancin makaɗan, Haidin ya samu fansho da sakin mara. Wani mai shirya wasanni, Zalomon, ya zo ya tafi da shi Landan. Yana da shekara 58, bai taɓa ganin teku ba. A Landan ya tarar da wata duniya: jama'a ne ke sayen tikiti su shiga zaure, su ne iyayen gida. Ya je sau biyu, 1791 zuwa 1792 da 1794 zuwa 1795, ya tsara simfoni 12, Jami'ar Oksfod ta ba shi digirin girmamawa, kuma abin da ya samu ya kai albashinsa na shekaru masu yawa. Simfoninsa da aka jera da lamba 104 ne. Ya rasu a 1809 yana da shekara 77, sojojin Faransa na riƙe da Biyana, Napoliyon kuma ya sa an tsayar da masu gadi a ƙofar gidansa don girmamawa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Mozat: wanda ya tsinke igiya

Wolfgang Amadeyus Mozat ya zo duniya a 1756 a Salzbug, garin da babban limamin Kirista, wato Akbishop, shi ne kuma sarkinsa. Mahaifinsa Liyopold makaɗin fadar ne. Yaron ya fara tsara kiɗa yana da shekara biyar. Daga 1763 zuwa 1766 uban ya zagaya da shi da yayarsa manyan biranen Turai, har Faris da Landan, suna wasa a gaban sarakuna. Yaron da sarakuna suka tafa wa tun yana ƙarami, da wuya ya iya zaman bara in ya girma.

Haka kuwa aka yi. A 1781 ubangidansa, Akbishop Koloredo, ya kira shi Biyana. A wasiƙar da ya aika wa mahaifinsa ya koka cewa wajen cin abinci tare da barori ake zaunar da shi, ƙasa da masu yi wa Akbishop hidimar ɗaki, sama da masu dafa abinci. Abin da ya fi ƙona masa rai, an hana shi zuwa wani gida inda Sarkin Sarakuna da kansa ya halarta, alhali ladan daren kaɗai zai kai rabin albashinsa na shekara. Ya nemi a sallame shi, aka yi ta ja, daga ƙarshe wani babban bafade mai suna Arko ya fitar da shi da shuri a baya. Mahaifinsa ya roƙe shi ya ba da haƙuri, ya ƙi.

Yana da shekara 25, ba albashi, ba ubangida. Ya koyar da ƴaƴan masu hali, ya sayar wa masu ɗab'i, ya riƙa shirya wasannin kansa, inda mutane kan rubuta suna su biya tun kafin ranar, shi kuma ya zauna a fiyano ya kaɗa sabon abin da ya tsara. Shekarun farko kasuwa ta yi kyau ƙwarai. Ya auri Konstanza a 1782, ya kama gidan da kuɗin hayarsa, fulorin 460 a shekara, ya zarce albashinsa na Salzbug, wanda yake 450. A 1785 ya sadaukar wa Haidin kiɗan goge na mutum huɗu guda shida. Da dattijon ya saurara, sai ya shaida wa Liyopold cewa bai san wani mai tsara kiɗa da ya kai ɗansa ba.

A 1786 ya fito da opera mai suna Auren Figaro. Labarin bara ne da amaryarsa da suka fi ubangidansu wayo, suka kunyata shi lokacin da ya sa ido a kan amaryar. Wasan Faransancin da aka ɗauko labarin daga cikinsa, an hana nuna shi a Biyana. Wanda ya san abin da ya faru a 1781 zai gane dalilin da labarin ya ja hankalin Mozat.

Amma kasuwa ba ta da alkawari. A 1788 Ostiriya ta shiga yaƙi da Turkiyya, kaya suka yi tsada, masu kuɗi suka ja hannu. Ɗan muƙamin da ya samu a fadar Sarkin Sarakuna a 1787, mai fulorin 800, bai riƙe gidan ba. Ga rashin lafiyar matarsa, ga mutuwar ƴaƴa, domin cikin shida da suka haifa biyu ne suka rayu. Wasiƙun da ya riƙa aika wa wani abokinsa ɗan kasuwa yana neman rance suna da ban tausayi. Abin mamaki, cikin wannan ƙunci ne, tsakanin ƙarshen Yuni da 10 ga Agusta 1788, ya kammala simfoninsa uku na ƙarshe, waɗanda ake sa su cikin mafiya kyau da aka taɓa tsarawa.

A 1791 al'amura sun fara miƙewa. Operarsa Sarewar Tsafi, wadda aka nuna a gidan wasan talakawa a bayan gari, ta samu karɓuwa. A shekarar ne wani mai sarauta, Walseg, ya aiko a ɓoye a tsara masa kiɗan addu'ar mamaci, da nufin ya ce shi ya yi. Mozat bai gama ba ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ranar 5 ga Disamba 1791 yana da shekara 35. Almajirinsa ne ya ƙarasa aikin. An binne shi a kabari marar alama, yadda ake binne yawancin mutanen gari a lokacin. Zancen da ake yi cewa wani abokin hamayyarsa, Saliyeri, ya ba shi guba, babu hujja a kansa. Ya bar ayyuka sama da 600, ya kuma bar bashi, wanda matarsa ta biya ta hanyar shirya wasanni da sayar da rubuce-rubucensa.

Betoben: wanda aka roƙa ya zauna

Ludwig fan Betoben ɗan garin Bon ne a Jamus, inda hedkwatar Muryar Jamus take tun 2003. An haife shi a 1770. Kakansa Sarkin Kiɗan fadar garin ne, mahaifinsa mawaƙin fada wanda shaye-shaye ya lalata. Shi ma ya fara da tufafin fada tun yana ɗan shekara 13, kuma bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1787 nauyin ƙannensa ya dawo kansa. A 1792 aka tura shi Biyana ya yi karatu wajen Haidin. Jininsu bai haɗu sosai ba, domin almajirin akwai taurin kai. A 1794 sojojin Faransa suka mamaye Bon, fadar ta watse. Daga nan bai sake zama baran kowa ba har ya mutu.

Masu sarautar Biyana sun rungume shi saboda yadda yake kaɗa fiyano. Yarima Lihnofski ya ba shi masauki, daga 1800 kuma ya yanka masa fulorin 600 a shekara. Betoben yakan karɓa, amma ba ya rusunawa. A 1806, a gidan gonar Yariman, aka matsa masa ya yi wa wasu hafsoshin Faransa kiɗa, ya ƙi, ya kwashe takardunsa ya fice. Kafin nan ya tsara simfoninsa ta uku da sunan Napoliyon, don yana ganin shi ne zai kawo ƴancin talaka. Da ya ji a 1804 mutumin ya naɗa kansa Sarkin Sarakuna, sai ya kankare sunan da ƙarfi har takardar ta huje. Kwafin yana nan a Biyana.

Babbar jarrabawarsa kuwa kunne ne. Tun kafin ya cika shekara 30 ji ya fara raguwa. A 1802, a ƙauyen Hailigenshtat, ya rubuta wa ƙannensa wasiƙa yana bayyana kunyar da ke hana shi shiga mutane, yana cewa ya kusa kashe kansa, sana'arsa ce kawai ta riƙe shi, domin bai ga yadda zai tafi bai fitar da abin da ke cikinsa ba. Bai aika wasiƙar ba, sai bayan mutuwarsa aka same ta. A nan ne amfanin rubutun kiɗa ya fito. Da a ka kawai ake riƙewa, da kurumta ta gama da shi. Amma wanda ya iya rubutun yana jin amon a zuciyarsa, kamar yadda mai karatu ke jin kalma ba tare da ya furta ba. Ranar 22 ga Disamba 1808 ya gabatar da simfoni ta biyar da ta shida a dare ɗaya, a zaure mai tsananin sanyi, wasan ya kai awa huɗu.

A wannan shekara ƙanen Napoliyon, wanda aka naɗa sarki a wani yanki na Jamus, ya yi masa tayin zama Sarkin Kiɗansa. Jin haka sai manyan Biyana uku, Rudolf ƙanen Sarkin Sarakuna, da Yarima Kinski, da Yarima Lobkowits, suka rattaba hannu a 1809 cewa za su riƙa ba shi fulorin 4,000 a shekara. Ba zuwa zaure, ba tufafin gida, ba mallakar abin da ya rubuta. Abin da aka nema a gare shi kawai ya ci gaba da zama a ƙasar. Mai karatu ya kwatanta wannan takarda da ta Haidin. Shekara 48 ce kacal tsakaninsu.

Sai dai alkawarin bai tafi sumul ba. Yaƙi ya karya darajar kuɗi a 1811, Kinski ya faɗo daga doki ya mutu a 1812, Lobkowits ya karye, har sai da Betoben ya kai ƙara kotu kafin ya samu haƙƙinsa. Ya rayu yana ciniki da masu ɗab'i, wani lokaci yana tallata aiki ɗaya ga mutane da yawa. Daga 1818 masu ziyara a littafi suke rubuta masa magana. Ranar 7 ga Mayu 1824 aka gabatar da simfoninsa ta tara, wadda ya saɓa al'ada ya sa mawaƙa a ƙarshenta, suna rera baitocin Shila a kan murna da ƴan'uwantakar ƴan Adam. Da aka gama, yana tsaye ya ba jama'a baya, sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi ya ga tafin da ba ya ji. Karin nan shi ne taken Tarayyar Turai a yau. Ya rasu ranar 26 ga Maris 1827 yana da shekara 56, kuma an ƙiyasta waɗanda suka fito jana'izarsa sun haura 10,000.

Abin lura

Ba halin mutanen uku kaɗai ya kawo wannan sauyi ba. Ɗab'in takardun kiɗa ya yawaita, ƴan kasuwa da ma'aikata sun samu halin sayen fiyano da tikiti, juyin juya halin Faransa na 1789 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun girgiza gidajen sarauta, da yawansu suka kasa riƙe makaɗa. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Haidin ya samu kwanciyar hankali, ya biya da ƴancinsa na shekara talatin. Mozat ya samu ƴanci tun kasuwar ba ta gama kafuwa ba, ya biya da bashi. Betoben ya samu ƴanci da girma, amma bai huta da lissafi da shari'a ba. Har gobe mai basira, ko mawaƙi ne ko marubuci, yana tsakanin waɗannan biyu: inuwar ubangida mai sharaɗi, ko ranar kasuwa marar tabbas.

Sai kuma abu na ƙarshe. Estahazi da Koloredo da Kinski su ne masu faɗa a ji a zamaninsu, amma yau yawancin masu ambaton sunayensu, ta dalilin makaɗansu suka san su. Mu ma mun san haka, domin mutane da yawa da ba su taɓa taka garin Isa ba sun san Sarkin Gobir Amadu ta bakin Narambaɗa. Wanda ke riƙe da mai basira, ya riƙe shi da mutunci.